Noradrenalin daga ɗigon farko zuwa cire roba: yadda muke ɗaura shi idan jini ya faɗi

Noradrenalin, maganin da ke ɗaga awon jini idan ya faɗi, ba ya daɗewa a jiki. Minti biyu zuwa uku da shigarsa jini, rabinsa ya tafi. Shi ya sa ba a yin allurarsa a juya baya kamar sauran magunguna. Ɗaura shi ake yi ya riƙa shiga ba yankewa, dare da rana, har jijiyoyin majinyaci su dawo da ƙarfinsu, kuma duk wahalar aiki da shi daga nan ta taso. Likita zai rubuta shi a layi ɗaya, sauran aikin kuwa yana tsakanin sirinji da jijiya: roba, mahaɗa, filasta, batirin injin da ke tura sirinji, da hannun duk wanda ya zo kusa da gadon. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen masu ciwo mai tsanani a Garwa ta Kamaru. Zan bi matakan ta kan majinyaci guda, irin wanda muke karɓa a kai a kai, don lissafin ya fito fili ga abokan aiki. Hukuncin farawa da na ƙara yawa na likita ne, amma mu ne a bakin gado.

Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, nauyinsa kimanin kilo 60, an turo shi da yamma daga wani asibitin gunduma. Ya daɗe yana fama da taifot ana ta dabaru a gida, har hanji ya huje. Ciki ya kumbura ya ɗaure tamau. Awon jininsa 78 a sama, 40 a ƙasa, zuciya na bugawa 128 a minti, tun asuba bai yi fitsari ba, in an kira sunansa ya buɗe ido ya sake lumshewa. Mu matsakaicin awo muke bi, domin shi ke nuna ƙarfin da jini ke isa ƙoda da ƙwaƙwalwa da shi. Idan na'ura ba ta fitar da shi ba, da ka ake lissafinsa: a ninka na ƙasa biyu, a haɗa da na sama, a raba uku. Nasa 40 da 40 da 78, ya zama 158, a raba uku ya ba da 53. Abin da ake nema 65. Babu riba a kai shi sama da nisa. A wani bincike da aka yi a Faransa aka fitar a 2014, an kwatanta masu 65 zuwa 70 da masu 80 zuwa 85, yawan mutuwa bai bambanta ba, sai dai waɗanda aka ɗaga wa awo sun fi samun rikicewar bugun zuciya. Ga mai tsohon hawan jini likita kan ɗan ɗaga abin da ake nema saboda ƙoda.

Idan ƙwayar cuta ta mamaye jini, jijiyoyi saki suke yi, su buɗe, ruwa kuma ya riƙa tsatsafowa ta bangonsu. Noradrenalin yana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini, awo ya tashi, yana kuma matse manyan da ke dawo da shi, zuciya ta sami abin da za ta harba. Yana ɗan ƙara wa zuciyar ƙarfi ba tare da ya sa ta gudu sosai ba. Amma kafin a fasa ampul, wato ƙaramar kwalbar maganin, sai an tabbatar cewa sakin jijiya ne ya kawo faɗuwar. Duk mai ban ruwan albasa a bakin Binuwai ya san matse bakin tiyo yana sa ruwa ya yi nisa, muddin akwai ruwan a ciki. Tiyon da ya bushe ko an matse shi ba abin da zai fito. Mai kwalara, irin wadda ta addabi yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2010, ƙarin ruwan Ringer ta jijiya yake bukata, mililita 100 a kowane kilo, ga babba a cikin awa uku. Mai jego da ke zubar da jini, da wanda babur ya kayar ya fasa masa saifa, da wanda kububuwa ta sara jininsa ya daina daskarewa, a tsayar da zubar a mayar musu da jini, na ƙarshen a haɗa masa da maganin dafi. In ka matse jijiyoyin waɗannan lamba za ta yi kyau a na'ura, ƙoda da hanji kuma suna mutuwa a ɓoye. Matar da jininta ya faɗi bayan allurar baya ta kashe jiki a tiyatar haihuwa ita ma hanyarta daban, efedirin muke ba ta, 3 zuwa 6 mg a lokaci guda. Wanda magani ko harbin zuma ya tayar wa da jiki har numfashi ya sarƙe, adrenalin ne 0.5 mg a tsokar cinya, nan take.

Saurayin nan kateta biyu muka sa masa, wato siririyar robar da ake zurawa a jijiya, hannu dama da hagu. Muka ɗebi jini don awon yawansa da sukari da gwajin zazzaɓin cizon sauro, muka sa robar fitsari, muka ɗora oksijin. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a awar farko yake shiga: seftiriyazon giram 2 da metronidazol 500 mg. Seftiriyazon ba ya haɗa roba da Ringer, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan yana sa shi ya yi gudaji, don haka a wanke hanya da ruwan gishiri kafin da bayan.

Maganar yawan ruwa ita ce inda nake ganin littafi da gadonmu ba su cika daidaituwa ba. Ƙa'idar duniya ta 2021 kan faɗuwar jini sakamakon ƙwayar cuta ta kawo mililita 30 a kowane kilo cikin awa uku na farko, wato 1,800 ga wannan saurayi. To amma asibitocin da aka gina ƙa'idar a kansu suna da injin numfashi a gefen kowane gado. A Lusaka ta Zambiya an gwada ba da ruwa mai yawa da gaggawa ga manya 209, sakamakon ya fito a 2017: kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa haka sun mutu, na kulawar yau da kullum kashi 33. Kafin nan, a 2011, binciken yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna ɗura ruwa da sauri ya ƙara mutuwa. Don haka muna ba da 500 ne mu tsaya mu duba: mu saurari ƙasan huhu ta baya, mu ƙirga numfashi, mu kalli jijiyar wuya ko ta cika. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a kwantar da majinyaci, a ɗaga ƙafafunsa biyu zuwa rabin tsaye na minti ɗaya, a sake awo. In ya tashi, akwai sauran wurin ruwa. Saurayin nan dai bayan lita ɗaya ya koma 84 da 42, matsakaici 56. Lambar ƙasa da ta maƙale a arba'in alhali zuciya na gudu, alama ce ta jijiyoyi sun saki. Likita ya ce a ɗaura, ruwa ya ci gaba a ɗaya hannun.

Wasu tsofaffin hannu har yanzu dopamin suke fara nema, don da shi suka koyi aiki. Babban gwajin da aka fitar a 2010 kan majinyata 1,679 ya nuna masu dopamin kashi 24 cikin ɗari bugun zuciyarsu ya rikice, masu noradrenalin kashi 12. In akwai noradrenalin a kabad, ban ga dalilin komawa baya ba.

Yanzu ampul. A karanta shi har ƙananan rubutun. Wanda ya fi zuwa mana ta hanyar Faransa an rubuta masa 8 mg a 4 ml, amma wannan nauyin maganin ne haɗe da gishirinsa na tartarat, tsantsar noradrenalin da ke ciki 4 mg ce. Wani kamfanin kuma 4 mg a 4 ml zai rubuta, kuma abu ɗaya ne a cikin kwalbar. Idan mai aikin rana da tartarat yake lissafi, mai aikin dare da tsantsa, to ninki biyu ne tsakaninsu ba wanda ya sani. Sashe ya zauna ya zaɓi ɗaya, a rubuta a manna a bango. Duk alƙaluman da zan kawo na tsantsa ne. A ɗaga ampul a haske: ruwan garau yake. In ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, ko ka ga wani abu na yawo a ciki, a jefar. Haske da zafi ke lalata shi, kuma ana so a ajiye shi ƙasa da digiri 25, a garin da watan Maris da Afrilu zafi ke haura 40. Kada ya kwana a aljihun riga ko a kan taga, a bar shi cikin kwalinsa a ɗaki mafi sanyi.

Ba mu jira a sa kateta a babbar jijiya ba. A da haka ake koyarwa, majinyaci ya yi awa biyu da matsakaici 50 ana neman wanda ya iya sawa da kuɗin kayan. Ƙa'idar 2021 ta yarda a fara ta jijiyar hannu na ɗan lokaci maimakon a jinkirta, da sharaɗin jijiyar ta kasance a lanƙwasar gwiwar hannu ko sama da ita; mu kuma muna tsinka maganin sosai. Haɗinmu na hannu: 4 mg a cikin 250 ml na ruwan sukari mai kashi 5, kowace mililita tana ɗauke da mikrogiram 16 (mikrogiram dubu ke yin mg ɗaya). Ruwan gishiri ma yana yi, sai dai na sukari ya fi kare maganin daga lalacewa. Ba a haɗa shi da bikarbonat ko kusa, kashe shi yake yi. A jujjuya ledar sosai, a rubuta a jiki da jan biro sunan magani da yawansa da lokacin haɗi. Abin da ya kwana ya kai awa 24 zubarwa ake yi.

Ana farawa da mikrogiram 0.05 a kowane kilo a minti. Ga mai kilo 60, mikrogiram 3 ke nan a minti, 180 a awa; a raba da 16, ya ba da mililita 11 da kwata a awa. Ninkinsa, wato 0.1, mililita 22 da rabi. Mutum biyu ke yin wannan lissafi, kowa a takardarsa, sannan a kwatanta. Da ƙarfe uku na dare sifili ɗaya ba ya wuyar ɓacewa.

Jijiyar da za a zaɓa babba ce, a lanƙwasar gwiwar hannu ko sama da ita, ko ta gefen wuya da ake gani a waje. Kateta kore mai lamba 18, in ba hali mai ruwan hoda lamba 20. Ban da bayan hannu, ban da tsintsiyar hannu, ban da ƙafa, domin jijiyoyin wurin ƙanana ne kuma fatar ba ta da naman da zai kare ta in magani ya zuba. A ja a ga jini ya dawo, a tura 10 ml na ruwan gishiri ba ciwo ba kumburi, sannan a amince. Hannun da aka yi ta soka ana nema har aka huda jijiyar a wani wuri, a bar shi ga ruwa, don ta tsohon hujin magani zai fita. In a lanƙwasa aka sa, a ɗaure hannun da ɗan katako, in ba haka ba da zarar ya naɗe hannu hanya ta toshe. Filasta kuma kada ta rufe fatar da ke saman bakin kateta, wurin nan ne ido zai riƙa komawa.

Ga kuskuren da ya fi yawa a awar farko. Robar ƙari da ke tsakanin sirinji da kateta tana cin mililita ɗaya zuwa biyu. In ruwan gishiri ne a cikinta ka kunna inji, sai ya gama tura wannan ruwan kafin magani ya taɓa jini. Da tsinkakken haɗi minti goma ne, da haɗi mai kauri da ke tafiya mililita biyu a awa kuwa ya kusa awa guda. Mai jiran awo ya ga shiru, ya ƙara gudu, ya sake ƙarawa, sai maganin ya iso gaba ɗaya awo ya yi tsalle zuwa 190. Don haka da maganin kansa ake cika robar, a ɗora sirinji a inji, a bar shi ya tura har ɗigo ya fito a bakin roba, sannan a haɗa da kateta. A tabbatar injin ya gane girman sirinjin da samfurinsa. Bayan an haɗa kada a ɗaga injin ko a sauke shi daga inda yake, canjin tsawo kaɗai yana sa magani ya zuba da yawa ko ya tsaya na ɗan lokaci.

Hanyar noradrenalin tasa ce shi kaɗai. Ba a tura wata allura ta ciki, ba a ɗibar jini, ba a wanke ta. Duk wanda ya tura sirinjin farasitamol ta wannan mahaɗa ya kora maganin da ke kwance a roba cikin jini lokaci guda. Mukan naɗe mahaɗar da jar filasta. Abin awon jini kuma a ɗaya hannun ake ɗaura shi, domin duk sanda ya kumbura yana datse jijiya, magani ya taru, ya saki ya tafi a dunƙule.

Awo kowane minti uku zuwa biyar a farko. In matsakaici bai kai 65 ba bayan minti biyar, a ƙara kimanin 0.02, wanda a haɗin nan na mai kilo 60 mililita huɗu da rabi ne a awa. Nasa a 0.1 ya tsaya: 98 da 52, matsakaici 67. Lamba kaɗai ba ta isa shaida ba. Fitsari muke so ya kai rabin mililita a kowane kilo a awa, wato 30 a gare shi, kuma a sirinji muke auna shi, don zanen jikin leda ƙarya yake yi a ƙaramin adadi. Sai hankali: ya fara gane mahaifiyarsa, ya nemi ruwa. Sai dawowar jini a yatsa: a danna kan yatsa da ƙarfi daƙiƙa goma, a saki, in ya wuce daƙiƙa uku kafin launi ya dawo, jini bai wadata ba tukuna. Littattafai suna maganar dabbare-dabbaren fata a gwiwa, amma a baƙar fata da wuya ka gan shi. Da bayan hannu muke shafawa daga cinya zuwa ƙafa, mu ji inda ɗumi ya ƙare sanyi ya fara, mu sa alama da biro, bayan awa ɗaya mu ga ko iyakar ta sauka. Mace mai lalle a yatsu kuwa farce ba zai nuna maka komai ba, sai a duba cikin leɓe ko wani wurin tafin hannu da lallen bai taɓa ba.

Idan babu inji, ko wuta ta ɗauke batiri ya mutu, ɗigo ake ƙirgawa. Robar ƙarin ruwa ta manya ɗigo 20 ne mililita ɗaya, da haɗin mikrogiram 16 farawar ɗigo huɗu ce a minti, abin da hannu ba ya iya riƙewa daidai. Hanya biyu ce. Ko a sami robar yara mai ɗigo 60, inda yawan ɗigo a minti shi ne yawan mililita a awa, wato 11 a minti. Ko a zuba 4 mg ɗin a 500 ml, ya zama mikrogiram 8 a mililita, a fara da ɗigo bakwai zuwa takwas a minti da robar manya. Da agogo ake ƙirgawa, minti cikakke, a sake kowane kwata, don juyin hannu kaɗan yana canja gudu. Ledar ko-ta-kwana a haɗe take kusa da gado tun kafin dare, ko da injin na aiki.

Babban haɗarin ɗigo shi ne tausayi. Mai jinya ta ga ledar can tana gudu, wannan kuma kamar ta tsaya, sai ta murza makulli don ta taimaka. Shi ya sa na durƙusa gaban mahaifiyar saurayin na nuna mata da yatsa.

"Inna, kin ga wannan mai jar filasta? Ba irin wancan ruwan ba ne. Shi ke riƙe da jinin ɗanki, kuma a hankali ake so ya tafi. Ko kin ga kamar ya tsaya, ko injin ya yi ƙara, kada ki taɓa, ki kira ni ko da barci nake."

Ta ce, "To ɗana, in yayyensa sun zo fa?"

"Su ma ki hana su, Inna. Ke na ba amanar wannan hannun."

Daga nan ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kan robar ba. Makullin ɗigo duk da haka naɗe shi muke yi da filasta bayan an daidaita.

Noradrenalin lokaci yake sayo wa likitan tiyata. Muddin hujin hanji na nan, yawan da ake bukata hawa zai yi ta yi. Da matsakaici ya zauna aka wuce da shi ɗakin tiyata, inji a kan gado, an duba batirinsa tun kafin a cire shi daga bango. Mai irin wannan hali ba a yi masa allurar baya, za ta ƙara sakin jijiyoyi. Ketamin aka ba shi, ƙasa da yadda ake ba mai lafiya, kuma duk da haka jini kan faɗi sanda aka sa robar numfashi, don haka hannun mai sa barci na kusa da inji. A can aka sa masa kateta a babbar jijiyar wuya.

Da babbar jijiya haɗi ya canja: 4 mg a cika zuwa 50 ml a sirinji, mikrogiram 80 a kowace mililita, ninki biyar na farko. Abin da ke tafiya 22 da rabi a hannu ya koma 4 da rabi a wuya. Wanda ya ɗora sabon sirinji ya bar tsohuwar lamba a inji ya ba majinyaci ninki biyar, kuma minti kaɗan ya isa a fasa jijiya a ƙwaƙwalwa ko zuciya ta birkice. A wannan gaɓar mutum biyu ke tsayawa, ɗaya ya karanta rubutun sirinji da ƙarfi, ɗaya ya karanta lambar inji. Wannan haɗi mai kauri ba ya komawa jijiyar hannu.

Ya fito tiyata yana kan 0.3, mililita 13 da rabi a awa. A haka sirinji bai kai awa huɗu ba, kuma kowane canji rami ne. Mai bukatar 0.3 in aka yanke masa na minti biyu ana neman sabon sirinji, awonsa sai ya rufta. Sabon a haɗe yake, da rubutunsa, tun saura 10 ml. In akwai inji na biyu, a kunna sabon da robarsa a cike, a haɗa a mahaɗa mai baki uku, su yi tafiya tare har awo ya fara ɗagawa, sannan a kashe tsohon. In inji ɗaya ne, komai a hannu, a rufe mahaɗa ta ɓangaren majinyaci, a musanya cikin daƙiƙu, a cire sakin da ke bayan sandar sirinji, a buɗe. In awo ya ɗan sauka a jira shi, kada a danna turin gaggawa.

Akwai wani lissafin da ba ya cikin littafi, na ampul nawa za su kai safiya. A 0.1 mai kilo 60 yana cin kusan 9 mg a awa 24, ampul uku. A 0.3 kusan 26 mg, ampul bakwai. Tunda sau da yawa dangi ne ke sayowa, tun la'asar muke rubuta na dare gaba ɗaya mu faɗa wa babban namijin da ke wurin gaskiya: "Alhaji, wannan in ya yanke da tsakar dare ba a jiran gari ya waye." In ya ƙare duk da haka, adrenalin ke maye gurbinsa, kuma shi ba ya wuyar samu: ampul huɗu na 1 mg a 250 ml, mikrogiram 16 a mililita, lissafi iri ɗaya. Zuciya za ta fi gudu, sukari zai hau, a sa ido.

Idan bukata na ta hawa, kafin a ƙara lamba a bi roba da yatsa daga sirinji har fata. Mahaɗa ta kwance magani na jiƙa zanin gado? Roba ta lanƙwashe ƙarƙashin kafaɗa? An juya baki uku ta inda ba daidai ba? Sau da yawa a nan amsar take. In hanya lafiya, sai a koma ga majinyaci: ko ruwa ya sake yi masa kaɗan, ko yana zubar jini a ciki bayan tiyata, ko ɗinkin hanji ya saki, ko allurar wuya ta huda huhu iska ta taru a ƙirji, ko zuciyar ce ta gaza. Wanda ya kai 0.25 ya yi awa huɗu a kai, ana ƙara masa hidrokotizon 50 mg kowace awa shida. Ƙa'ida ta ce a wannan matakin a haɗa da vasopresin, amma mu ba kasafai muke ganinsa ba. A riƙa duba yatsun hannu da na ƙafa, domin yawan magani na kwanaki yana iya busar da su su yi baƙi.

Zubar magani ƙarƙashin fata ita ce abin tsoro a jijiyar hannu, shi ya sa kowace awa ake duba wurin a rubuta. A farar fata wurin fari yake yi fat. A tamu taɓawa ta fi kallo: sanyi, tauri, ɗan kumburi in aka kwatanta da ɗaya hannun, ko majinyaci ya ce yana masa zugi. Awo da ya faɗi haka kawai ma alama ce. In ta faru, a mayar da magani ɗaya hanyar tukuna don kada jini ya faɗi, shi ya sa kateta na biyu ke zaune. Kada a zare na farkon nan take: a sa sirinji a zuƙo abin da za a iya, kada a wanke, sannan a cire. A zagaye iyakar wurin da biro, a ɗaga hannun, a ɗora tsumma mai ɗumi. Ƙanƙara ƙara matse jijiyoyin take yi. Maganinsa fentolamin ne, 5 zuwa 10 mg a 10 ml na ruwan gishiri, a tsattsaga shi da siririyar allura kewaye da wurin cikin awa 12. Inda babu, man nitrogiliserin mai kashi 2 da ake shafawa yana taimakawa. In an yi sakaci fata ruɓewa take yi har sai an yi dashe.

Saukewa ita aka fi jin tsoro, sai ka ga majinyaci na kan matsakaici 85 an bar shi haka har safe don ba wanda ke son ya taɓa. Wannan ma cutarwa ce. Da fitsari ya wadata, ƙafa ta yi ɗumi har yatsu, matsakaici ya zauna sama da 70, ragewa ake farawa. Muna rage 0.02 zuwa 0.05 a lokaci guda, a sirinjin wuya na mai kilo 60 kimanin mililita ɗaya zuwa biyu a awa ke nan, mu jira kwata zuwa rabin awa, mu sake awo. In ya sauka ƙasa da 65 a koma matakin baya, a duba ko ruwa yake so. Ba a rage shi daidai lokacin da za a juya majinyaci ko a yi masa wanka, don ba za ka san wanne ya saukar da awon ba. Saurayin nan a rana ta biyu bayan tiyata ya sauko mililita ɗaya a awa, ya zauna a 72, aka kashe inji.

Bayan an kashe, robar da reshen katetan wuya cike suke da magani mai mikrogiram 80 a mililita. A cire robar gaba ɗaya a jefar, a sa sirinji a reshen a zuƙo mililita uku zuwa biyar har jini ya fito sosai, a zubar, sannan a wanke da ruwan gishiri. A cire jar filasta don mai zuwa ya san hanyar ta zama ta kowa. Awo kowane kwata na awa biyu, daga nan kowace awa, kuma ampul ɗaya da sabon sirinji su kwana a gefen gado har washegari.